Barcin da Na Yi a Bukoki

Ni dai Allah ya yi ni mai nauyin barci. Tun ina yarinya a ƙauyenmu, kusa da Damagaram, ake yi mini tsiya wai ko ɗaki aka ɗauke daga kaina sai dai rana ta tashe ni. Da aka yi mini aure aka kawo ni Arlit, maigidana ma ya shiga layin masu tsokana. Direban kamyo ne a ramin haƙar uranium, irin manyan motocin nan da sai da tsani ake hawansu. Yakan ce nakiyar da ake fasa dutse da ita tana girgiza kwanonin unguwa kaf, amma ba ta taɓa girgiza ni ba. Ina jin haushi in ya faɗa a gaban baƙi, amma ba ƙarya ya yi ba.

'Yata ta fari ce ta raba ni da wannan baiwa. Tana da shekara biyar, wata safiya ina shara a tsakar gida ita ba ta tashi ba, na ji wata ƙara daga ɗaki. Ba kuka ba ne, ba kuma kira ba ne, kamar an danne mata ciki ne iskar jikinta ta fita gaba ɗaya. Na tarar ta sandare, idanu sun kafe, sai kuma jikin ya kama fizga, kumfa na fita ta gefen baki. Na sure ta na yi waje ko ɗankwali babu. A gidan likita na kamfani aka ce farfaɗiya ce. Likitan ya ba mu wasu ƙananan ƙwayoyi farare, ya ce kullum ta sha, kada a tsallake. Ya ce a nisanta ta da wuta da ruwa, in abin ya zo a kwantar da ita ta gefe, kada a sa mata komai a baki, ko cokali ko yatsa. Har mun miƙe ya ƙara da cewa mu riƙa lura da ita in tana barci, don yaro yana iya kifewa a kan fuskarsa ba wanda ya sani. Ya faɗe ta ne kamar mai cewa a gaida gida. Ni kuwa duk cikin maganganunsa ita ce ta biyo ni har ɗaki.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma ɗaukarsa tana rarrashi a gaban mutane. Sunan kam na ci gaba da ɓoye shi. Sauran kunyar kuwa na naɗe ta na ajiye, don ba a gadin yaro da kunya. Ƙaninta da aka yaye shi muka aika shi gida wurin innata, bai dawo hannuna ba sai da ya isa shiga lakwal, wato makarantar boko. Matan gidajen kamfani suka yi ta surutu, wai na ba da lafiyayye na rungume marar lafiya. Su ne dai masu janye 'ya'yansu in ta matso wurin wasa, wai miyaun mai farfaɗiya in ya taɓa ka ka ɗauka. Likita ya ce ba gaskiya ba ne, amma likita ba a layinmu yake zaune ba. Na yi faɗa da biyu daga cikinsu, ɗaya har ƙofar gidanta na bi ta. Bayan nan ba wadda zan iya cewa ta duba mini yarinya in ɗan runtsa.

Da farko ni da maigidana mu biyu muke zaman gadin. Ta kwanta a tsakiya, ni a dama shi a hagu, kowa ya yi lamo kamar barci ya ɗauke shi don ɗan'uwansa ya samu ya yi, alhali duk idonmu biyu. In ta yi juyi mu zabura tare, wani lokaci har mu gwara kai. Haka muka ɗauki watanni. Ran nan ya dawo daga aiki ya zauna a bakin gado bai ko cire takalmi ba. Ya ce gyangyaɗi ya ɗauke shi yana hawowa daga rami da lodin dutse, bai farka ba sai da taya ta hau tudun da aka yi a bakin hanya. Bayan tudun ba komai sai ramin.

Ya ce, "Ba zai yiwu mu mutu mu biyu a kan gadin mutum ɗaya ba. Yadda muke yi a rami, haka za mu yi a nan."

A rami aiki karɓa-karɓa ne. Direba ba ya sauka daga mota don lokacinsa ya cika. Sai wanda zai karɓe shi ya zo, ya yi masa bayanin motar, birki kaza, taya kaza, wancan ya dafa shi ya ce ya karɓa. Daga nan ko motar ta kama da wuta ba ruwansa. To wannan ya kawo mana cikin ɗaki. In lokacinsa ya yi sai ya zo ta bayana, in gaya masa ta sha magani, ta ci abinci kaɗan, jikinta ba zafi. Ya bubbuga kafaɗata sau biyu ya ce, "Na karɓa." Ranar farko dariya na yi masa, na ce yau kuma an mai da 'yata kamyo. Amma wani ikon Allah, ina kwanciya na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Na yi barci irin na da, har da dalalar miyau. Tun daga nan jikina ya koyi abin. Ba na iya runtsawa in ban ji hannun nan da kalmar nan ba, in kuwa na ji su, ko a tsaye nake sai na yi ƙasa.

Yarinyar a cikin wannan ta tashi. 'Yar babanta ce, komai ya yi sai ta yi. Takan kifa hular kwanonsa a ka har ta rufe mata ido, ta kaurara murya tana kwaikwayon yadda yake magana da abokan aikinsa, mu yi ta dariya. Ba ta da abokan wasa, don haka mu ne abin kallonta.

Sai kasuwar uranium ta faɗi. Mu mata ba mu san inda ake sayar da shi ba balle mu san abin da ya kayar da shi, mun dai ga ana rage ma'aikata rukuni-rukuni. Kowa ya shafa wa gemunsa ruwa, amma na maigidana bai tsira ba. Muka bar gidan kamfani da lantarki da famfo muka koma Bukoki, bayan gari, inda ake yin katanga da tano, wato gangar ƙarfe, da aka fasa aka miƙe. Maƙwabtanmu rabi irinmu ne, waɗanda rami ya sallama, rabi kuma Abzinawa ne daga wajen Dannet da fari ya cinye musu dabbobi suka matso gari. Gidan likitan kamfani ya zama ba namu ba. Magani sai mu nema da kanmu, in babu a Arlit sai a yi saƙo Agadez.

Shi ya koma tasha yana taya masu gyaran mota da safe. Muka sake raba gadin, shi farkon dare da bayan azahar, ni ƙarshen dare da hantsi. Yarinyar ta kai shekara tara, ta kuma fara gane zuwan ciwon in tana farke. Ta ce wani wari take ji kamar ana ƙona roba, sai babban yatsanta ya fara motsi shi kaɗai. Muka koya mata in ta ji haka ta kira mu, ta kwanta ta gefe nesa da murhu. A wannan shekarar faɗuwar ta ragu sosai. Muka ce alhamdu lillahi, magani ya karɓe ta.

Lokacin ne tawayen Abzinawa ya yi zafi. Hanyar Agadez ba a binta sai an tara motoci sojoji sun raka su, wani mako a tafi, wani mako a ce sai an ga hali. Da magariba kowa ya shige gida saboda dokar hana fita. Maganin ya yanke a garin. Da maigidana ya ga abin da ya rage a kwalba, sai ya samu wani mai kamyon kaya da ke neman mataimakin direba, ya ce zai bi shi Agadez ya sayo magani, ya dawo da ayarin da zai biyo baya. Na tambaye shi wa zai karɓe ni. Ya ce kwana uku ne, in daure. Na ce ai shi ma ya san kwana ukun hanyar nan.

Ayarin da zai biyo baya bai biyo ba. Aka ce an tare motoci a hanya, aka ce an ƙone biyu, aka ce a'a ɗaya ce, aka ce an tafi da direbobi. A Bukoki labari ba ya kwana, kowace safiya da sabo, kuma ba wanda ya gani da idonsa. Ba ni da inda zan je in tambaya.

Kwanakin farko ban sha wuya ba, tsoro ya riƙe ni. Daga baya ne barci ya fara zuwa mini ta hanyar da ban san shi da ita ba. Ina zaune ido buɗe sai in ga yarinyar ta juya ban ga lokacin da ta juya ba, ko in ji ladan yana tsakiyar kiran salla ban ji farkonsa ba. In san an sace mini wani abu, ban kuma san tsawonsa ba. Sai in yi maza in kai hannu hancinta. Na kifa turmi na riƙa zama a kansa don in na yi gyangyaɗi in faɗo. Na kuwa faɗo, har goshina ya yi ƙulu. Na ci goro har harshena ya tsattsage. Wata tsohuwa Ba'abziniya da ke bayanmu tana miƙo mini shayi mai ɗaci ta kan katanga, ba ta shigowa, ni ma ban ce ta shigo ba. In kuma na ce bari in kwanta da gangan lokacin da yarinyar ke wasa a gabana, sai idon ya bushe ƙayau. Kukan jaki, ƙarar ƙyauren tano, kowanne sai in ji shi kamar ƙarar nan tata. Ina tsoron dare, don in ciwon ya kama ta ya ƙi saki ban san ta inda zan bi da ita ba, sojoji na yawo da bindiga a kan titi. Amma na fi tsoron kaina. Na san irin barcina, na san in ya kayar da ni ba ƙarar da za ta tashe ni.

Akwai wata mata 'yar Maradi, Kirista, mai suyar ƙosai a bakin layinmu. Ta girme ni, ina ce mata Yaya. Wata safiya na je sayen ƙosai na tsaya da kwano a hannu ina kallon wutar, ban miƙa ba, ban kuma yi magana ba.

Ta ce, "Ke, mi ya same ki? Dubi idonki."

Da ta tashi daga suya sai ga ta a gidan. Ta zauna a rumfa kusa da yarinyar ta ce, "Tahi ki kwanta. Ɗiya shida na raina, wane miyau ne ban gani ba?"

Na shiga ɗaki na kwanta, ina jin su suna hira. Na rufe ido, ya ƙi. Na leƙo, ta ce in koma. Na koma, na sake leƙowa in gaya mata kada ta sa mata cokali a baki. Can kuma na fito in tambaya ko ta san yadda ake kwantar da ita.

Ta ce, "Haba ƙanwata, in ba ki yarda da ni ba ai sai ki hwaɗi."

Ni kuma da bakin nan nawa, ga rashin barci, na ce mata ai ba ƙosai ba ne da in ya ƙone za a zubar a sake wani. Ta ɗauki gyalenta ta fita, kuma tana da gaskiya. Ban iya gaya mata cewa hannu nake jira a kafaɗa ba. Wa zai ji wannan bai ce na taɓu ba? Yarinyar na zaune tana kallonmu.

Ana nan maganin ya ƙare. Na wanke kwalbar na kifa ta a kan taga, na kasa jefarwa.

Bayan azahar ne, zafi ya kai zafi, unguwa ta yi tsit. Ina zaune a rumfa na jingina da ginshiƙi ina tsintar shinkafa a faifai, ko dai ina ganin kamar tsinta nake. Ita tana bayana tana ɗinka wa 'yar tsanarta riga. Sai na ji hannu a kafaɗata, sau biyu, daidai inda babanta yake bugawa. Murya ta ce, "Na karɓa." Hannun ƙarami ne, kaurin muryar ma ƙaƙaro shi aka yi. Duk wannan daga baya na tuna. A lokacin ko waiwayawa ban yi ba. Faifan ya zame daga cinyata, ban ji saukarsa ba.

Kajin maƙwabta ne suka tashe ni, suna tsattsagar shinkafar a wurin ƙafata. Inuwar katanga ta cinye tsakar gida, rana ta yi sanyi. Na farka jikina sakayau, wallahi da daɗi, har miƙa na yi. Sai na tuna maigidana ba ya gari.

'Yar tsana na kan tabarma da allura soke a jikinta, yarinya babu. Murhu na fara dubawa, sannan na buɗe tanon ruwa na zura hannu har kafaɗa. Ɗaki ba kowa, bayi ba kowa. Na buɗe baki in kira ta, sai na ji ina cewa "Ke! Ke!" kamar mai korar akuya, bakina bai saba da sunan ba. Na fita layi, ba kowa sai wani kare a ƙarƙashin mataccen kamyo. Na dawo ciki.

A bayan ɗakinmu akwai wani lungu tsakanin bango da katanga inda muke ajiye gawayi, ba ya cin mutum biyu. Ƙafarta na fara gani. Tana kwance ta gefe, yadda muka koya mata, zanenta ya jiƙe. Ɗankwalinta ta dunƙule ta cusa a baki, ta cusa da yawa, haƙoranta sun datse a kai. Leɓɓanta sun yi duhu. Na durƙusa na yi ta ja a hankali har ya fito, da jini da miyau. Na kara kunnena a bakinta, ban ji komai ba sai bugun da ke cikin kunnen nawa. Na ce, ya Allah, barci ɗaya. Ban san abin da nake roƙo ba, haka dai na yi ta maimaitawa. Sai ta ja wani dogon numfashi mai gurnani, irin wanda take ja in ciwon ya sake ta.

Na ɗauke ta na kai ɗaki, na goge mata jiki, na canza mata zane. Ba ta dawo hayyacinta ba sai dab da magariba. Na yi niyyar rarrashi, amma da na buɗe baki faɗa ne ya fito.

"Ba mun ce ki kira mu ba? Wa ya ce ki sa tsumma a baki? So kike ki kashe ni?"

Harshenta ya kumbura, maganar da ƙyar take fita. Ta ce, "Ƙarar ce, Inna. Ba na sanin lokacin da take fita. Na ji tsoron kada ta tashe ki."

"To ai don ta tashe ni nake zaune!"

"Ai na ce na karɓa."

Na sa ta yi mini alkawari ba za ta ƙara ba. Ta ce to, idonta a ƙasa. Na san wannan to ɗin, ba ta alkawari ba ce, ta a rabu lafiya ce. Sai lungun ya dawo mini a rai. Buhun gawayin an ture shi gefe an jingine da kyau, ƙasan a share, ba tsakuwa ko ɗaya. Wanda yatsansa ya fara motsi ba shi da lokacin shara.

Na ce, "Yau ne farko?"

Ta kama wasa da bakin tabarma.

"Da ke nake."

"Baba ma yana gyangyaɗi in ya karɓa da rana. Ya gaji daga tasha. Ba na tashinsa."

"Sau nawa?"

Ta ce, "Ina wanke zanen kafin ki tashi."

Ashe sauƙin da muka yi ta gode wa Allah a kansa ke nan. Na san abin da zan yi wa ciwo, an koya mini. Yarinyar da ke jin tausayina kuwa ban san abin da zan yi mata ba. Duka ba zai hana ta ba, ta riga ta ga abin da gadin ke yi mana, kuma ta fi ni sanin lokacin da ido ya yi mini nauyi. Na jawo ta jikina na riƙe, ta yi barci a cinyata, ni kuma na zauna a haka har aka kira asuba.

Maigidana ya dawo da ayarin da aka saki bayan wasu kwanaki, ya rame, maganin a aljihunsa na ciki. Ya tambaya yaya muka yi, na ce ta faɗi sau ɗaya amma da sauƙi. Lungun na toshe shi da tano da duwatsu, na ce masa saboda kunama. Lokacin gadinsa na rana sai in kwanta in juya masa baya, ido a rufe, ina sauraren takun ƙafarta. In na ji ya fara minshari a zaune sai in tashi kamar zan sha ruwa. Har ya koma ga Allah ban gaya masa ba. A gidan nan shi kaɗai ya rage mai iya barci, na bar masa abinsa.